Ƙurar da John Glenn Ya Hango: Tarihin Hirar Kimiyya da Fasaha a Majalisun Fagge

Gabatarwa

A bakin wani shagon cajin waya da ke unguwarmu ta Kwaciri, cikin ƙaramar hukumar Fagge, akwai benci biyu da tabarma ɗaya da ba sa rabuwa da mutane daga bayan sallar isha'i har dare ya raba. Nan ce majalisarmu. A nan ake warware rikicin Gabas ta Tsakiya, a sauke kocin ƙwallo a naɗa wani, a yanke wa kamfanonin waya hukunci, sannan kowa ya kaɗe rigarsa ya tafi gida.

Wani dare cikin hunturu, ina shekarar ƙarshe a jami'a, hira ta gangaro kan rokokin Elon Musk. Wani abokinmu mai gyaran waya ya rantse cewa babu wanda ya taɓa taka wata, duk haɗin hoto ne irin na fim. Sai wani dattijo da muke kira Baba, wanda yakan zauna a gefe yana jiran rediyonsa ta cika da caji, ya yi gyaran murya ya ce, "Ku yara, a garin nan fa Amurkawa suka kafa tashar da suke magana da 'yan sama jannatinsu, muna samari." Muka bushe da dariya. Na fi kowa dariya, domin ni ne ɗan jami'a a wurin.

Bayan mako biyu na koma na durƙusa na ba shi haƙuri, saboda abin da na tarar a rubuce ya tabbatar da maganarsa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Wannan kunya ce ta haifi wannan maƙala. Manufarta ita ce bin sawun yadda mutanen Kano suka riƙa karɓar sababbin ƙere-ƙere a bakinsu: yadda suka raɗa musu suna, suka yi musu zato, suka yi gardama a kan halaccinsu. Hujjar da zan kafa ita ce, hirar majalisa ita ce makarantar kimiyya mafi daɗewa da talakan Kano ya samu, amma makaranta ce da ba ta da allo. Abin da ta sani yana bin masu shi kabari, kuma dokokin da ke ɗaure ɗalibanta a wani wuri ake rubuta su.

Fagge, Masaukin Baƙin Abubuwa

Ba a banza irin wannan hira ta yi ƙarfi a Fagge ba. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ake danganta wannan wuri da saukar ayarin fataken Sahara a bayan ganuwa. Duk wanda ya sauke kaya, ya sauke labari. Mutumin Fagge ya saba ya riga na cikin birni ganin baƙon abu, ya juya shi, ya faɗi ra'ayinsa a kansa.

Ko kafin zuwan Turawa, sararin sama ba baƙon Bahaushe ba ne. Manomi ya san Kaza da 'Ya'yanta, matafiyi ya san Gamzaki, mai hikaya ya aurar wa wata Zara. Malamai na lissafa manzilolin taurari domin sanin lokacin shuka da na sanyi. Daga Katsina aka samu Muhammad ibn Muhammad al-Kashinawi, masanin lissafi da ilimin taurari, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741. Saboda haka lokacin da na'urori suka fara isowa, sun tarar da mutane masu tambaya.

Layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma a sanadinsa aka yanka Sabon Gari a wajajen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka biyo shi daga Kudu. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jiragen sama uku na sojan Ingila, waɗanda suka taso daga Masar, suka sauka a filin sukuwa na Kano. A 1937 aka buɗe sinimar Rex a Sabon Gari. A 1944 aka fara rarraba shirye-shiryen rediyo ta waya zuwa akwatunan da aka kafa a gidaje da wuraren taruwar jama'a. Sashen Hausa na BBC ya fara magana ranar 13 ga Maris 1957.

Abin lura a nan shi ne sunayen. Bahaushe ya ɗauki jirgi, wanda a kan ruwa kawai ya san shi, ya ɗora shi a kan ƙarfe ya ce jirgin ƙasa, ya cilla shi sama ya ce jirgin sama. Ya ga hoto na motsi a jikin bango ya ce dodon bango. Ya ji magana na tafiya ba igiya ya ce wayar iska. Babu kwamitin da ya zauna ya tsara yawancin waɗannan kalmomi. Daga bakin 'yan kallo da masu sauraro suka fito. Kowane suna kuwa ra'ayi ne a dunƙule. Wanda ya ce dodon bango ya riga ya gaya maka cewa yana kallon abin da sha'awa haɗe da tsoro. Da gobara ta tashi a sinimar El Duniya ranar 13 ga Mayu 1951, ta ci rayuka 331, mutane da yawa sun fassara ta da azabar shiga wurin da bai dace ba. Tun daga wancan lokaci, tambayoyi biyu ne ke tarbar kowace na'ura a Kano: yaya take aiki, kuma shin ta halatta?

Tashar Kumbo a Ƙasar Dabo

Ranar 4 ga Oktoba 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko. Amurka ta ji zafin wannan riga-kafi, ta kafa hukumar NASA a 1958, ta kuma fara shirin Mercury domin aika mutum ya kewaya duniya. Sai dai akwai matsala. Kumbon da ke kewaya duniya cikin kimanin minti 90 ba ya daɗewa a saman kowane wuri; cikin 'yan mintuna ya ɓace a bayan gaɓar sama, muryar matuƙinsa ta yanke. Dole ne a jera tashoshi a ƙarƙashin hanyarsa, kamar yadda fatake ke jera zango, wannan ta karɓe shi ta miƙa wa ta gaba. Aka tsara tashoshi 18 a faɗin duniya, har da na kan jiragen ruwa. Biyu daga ciki aka ajiye a Kano da Zanzibar.

An ƙulla yarjejeniyar tashar Kano a 1960, shekarar da Nijeriya ta sami 'yancin kai, zamanin Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya. Lokaci ne na zargi. A watan Fabrairun wannan shekara Faransa ta gwada bam ɗin nukiliya a hamadar Aljeriya, inda iskar hunturu ke tasowa, kuma maimaita gwajin ya sa gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961. A Zanzibar jama'a sun fito zanga-zanga suna cewa tashar Amurka sansanin makamai ce. Wanda ya ga dogayen ƙarafa sun tsaya a bayan gari, Turawa na shiga da fita, ba za a ce ya yi wauta ba don ya yi zato.

Aikin tashar kuwa sauraro ne da magana. Tana karɓar bayanan da na'urorin kumbo ke aikowa, irin su bugun zuciyar matuƙi da zafin ɗaki da yawan iskar shaƙa, ta tura su Amurka, inda manyan kwamfutoci ke lissafin inda kumbon yake.

Ranar 20 ga Fabrairu 1962 John Glenn ya tashi daga Fulorida a cikin kumbon Friendship 7. Ya kewaya duniya sau uku cikin sa'a 4 da minti 55, Ba'amurke na farko da ya yi haka, wata goma bayan Yuri Gagarin. Bai cika rabin sa'a da tashi ba ya iso saman Afirka ta Yamma. Da ya yi magana da tashar Kano, ya shaida musu cewa yana hango guguwar ƙura a ƙasa, su kuma suka amsa masa cewa ai mako guda ke nan iska na kaɗawa da ƙarfi. Duk ɗan Kano ya san wannan ƙura. Ita ce ke fasa mana leɓe da dugadugai a kowane Fabrairu, ita ce iyayenmu mata ke sharewa daga kan kwanuka da safe. Ƙurar da kakanninmu ke toshe wa hanci a wannan yammaci ta shiga tarihin sararin samaniya, mu jikokinsu muna dariyar wanda ya tuna mana.

Shekara guda da rabi bayan haka, ranar 23 ga Agusta 1963, Shugaba John Kennedy ya yi magana da Firayim Minista Tafawa Ɓalewa ta tauraron Syncom 2, ta hanyar wani jirgin ruwan Amurka mai suna Kingsport da ke tsaye a tashar Legas. Ita ce hira ta farko ta tauraron ɗan Adam tsakanin shugabannin gwamnatoci biyu. An rufe tashar Zanzibar bayan juyin juya halin 1964. Ta Kano ta ci gaba da hidima har zamanin shirin Gemini, sannan ita ma aka naɗe ta kafin shekarun 1960 su ƙare.

Me Kano ta ci daga wannan baƙunci? Ta ba da ƙasa, ta ba da leburori da masu gadi da masu dafa abinci. Baƙin suka kwashe na'urorinsu da takardunsu suka tafi. Na yi firamare da sakandare da jami'a a garin nan, ban taɓa jin malami ya ambaci wannan tasha a aji ba. A bakin Baba kaɗai ta rage mini.

Daga Afolo Zuwa Tauraronmu

Saukar Neil Armstrong a kan wata ranar 20 ga Yuli 1969 ta iske majalisun Kano ta rediyo, ta kuma raba su biyu. Wasu suka gaskata, wasu suka ce sama ba wurin wasan ɗan Adam ba ce. Harshe dai ya yi aikinsa. Kumbo, sunan wani mazubi na gida, ya zama sunan jirgin sararin samaniya, matuƙansa suka zama 'yan sama jannati. Alhaji Mamman Shata ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa, wadda ta kai labarin ƙauyukan da jarida ba ta zuwa.

A wannan shekara ce wata annobar ciwon ido ta ɓulla a Gana ta bazu a Afirka ta Yamma. Da yake ta zo daidai da tafiyar kumbo, jama'a suka ce daga wata aka kwaso ta, suka sa mata suna Afolo. Likitoci sun gano cewa ƙwayar cuta ce da ake ɗauka ta hannu da tawul, ba ruwanta da wata. Amma har gobe idan idon yaro ya yi ja, Afolo za a ce. Wannan misali ya nuna ƙarfin majalisa da rauninta a lokaci guda: ta iya lura da cewa abubuwa biyu sun faru tare, ba ta da ma'aunin da za ta gane ko ɗaya ne ya jawo ɗaya.

Nijeriya ta kafa hukumar binciken sararin samaniya, NASRDA, a 1999. Ranar 27 ga Satumba 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga Plesetsk ta Rasha, tauraron da wani kamfanin Ingila ya ƙera tare da horar da injiniyoyinmu. A majalisa tambaya ɗaya aka yi: ƙasar da ba ta iya ba mu wutar lantarki ba, me take nema a sama? Da tauraron sadarwa NigComSat-1, wanda Sin ta harba mana a Mayun 2007, ya mutu a Nuwamban 2008 saboda lalacewar fukafukansa masu zuƙar hasken rana, sai barkwanci ya samu: an ce ko a sama ma an ɗauke mana wuta. An maye gurbinsa a Disamban 2011, kuma a Agustan wannan shekara aka harba NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Nijeriya suka haɗa da hannunsu a Ingila. Labarin mutuwar ya zaga ko'ina. Labarin haɗawar bai kai bencinmu ba.

Tambayar majalisa tana da nauyi, kuma tana da amsa. Hoton tauraro na iya nuna inda hamada ke cin gona, da inda ambaliya za ta bi, da yadda Tafkin Chadi ke janyewa. Laifin shi ne ba a zo an ba da wannan amsa da Hausa, a inda ake yin tambayar ba. Ni kaina abin da na fara sani game da sama shi ne husufin rana na 29 ga Maris 2006, wanda duhunsa ya ratsa ta Gusau da Katsina, ya rage hasken Kano har kaji suka rikice. Ina ƙaramin yaro, na ga manya sun nufi masallaci, wasu sun zuba ruwa a roba suna leƙen rana a ciki. A ranar wani ya ce mini wata ne ya shiga tsakaninmu da rana, wani ya ce zunubi ne ya yi yawa. Duk a kan tabarma ɗaya suke zaune.

Kaset, Faifai da Manhaja: Na Wane Ne?

Idan hirar sama ta nishaɗi ce, hirar haƙƙin mallaka ta tuwo ce, domin da yawa daga 'yan majalisarmu a bakin wannan doka suke neman abinci.

Al'adarmu ta karatu ta ginu a kan kwafa. Almajiri ya ari littafin malaminsa ya kwafe da tawada, ya rubuta sunansa a ƙarshe yana roƙon addu'a, kuma ana ganin ya yi aikin lada. Sai dai wannan al'ada ba ta yarda a shafe sunan mawallafi ba. Marubutan waƙoƙi kan sa sunansu a baitocin ƙarshe, malamai kan jero waɗanda suka karɓi ilimi daga gare su. Wato mun daɗe da sanin haƙƙin suna. Haƙƙin kuɗin kwafi ne baƙo.

Da kaset ya zo a shekarun 1970, kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar kwafar waƙoƙi da wa'azi da finafinan Indiya da na Amurka. Masanin nan Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya nuna cewa hanyoyin da aka shimfiɗa domin rarraba kwafin sata su ne finafinan Hausa suka hau suka bazu. Bayan fitowar Turmin Danya a 1990, injinan kwafa da dillalan da suka saba da kayan Indiya su ne suka kai kaset ɗin Hausa Maraɗi da Agadas da Kumasi. Shagunan Bata a Sabon Gari suka cika da masu saye da sayarwa. Masana'antar da satar fasaha ta goya, ita ce daga baya satar fasaha ta kayar. Da waya mai katin ajiya ta yawaita, sai ga masu tura finafinai a kowace kwana, da kwamfuta ɗaya da igiyoyi, suna zuba wa mutum fim a kan kuɗin da bai kai na ƙosai ba. Kasuwar faifai ta durƙushe. Masu shirya fim suka koma tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da kuma YouTube, inda shiri mai dogon zango irin Izzar So ya samu gindin zama daga 2020. Kiɗa ya canza, rawa ta bi shi.

Doka ba ta yi barci ba, amma ta yi nisa. A Disamban 1988 gwamnatin soja ta kafa dokar haƙƙin mallaka, wadda ta lissafa manhajar kwamfuta cikin ayyukan rubutu, daidai da littafi. A cikin wannan wata kuma, Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa. A Maris 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, wadda ta shigo da abin da ake yaɗawa ta intanet, ta kuma hana fasa makullin da mai fasaha ya sa wa kayansa.

Wannan magana ta ƙarshe ta shafi abokina mai gyaran waya kai tsaye. Kusan duk kwamfutar da na taɓa amfani da ita a shagunan buga takardu na Fagge da Sabon Gari, manhajar da ke cikinta fasasshiya ce. Da ita aka buga mini kundin digirina. Ra'ayin majalisa a kan haka kashi uku ne. Na farko ya ce sata sata ce, ko ta allura ce. Na biyu ya ce wanda ka kwafi kayansa bai rasa komai ba, nasa na hannunsa, kuma kuɗin lasisin ya fi jarin shagon gaba ɗaya. Na uku ya ce a bar na Bature, amma a ji tsoron Allah a kan na ɗan'uwa, domin marubuciyar da aka watsa littafinta a WhatsApp a nan Kano take, da 'ya'yanta.

Akwai hanya ta huɗu da ba kasafai ake ambatonta a bencinmu ba. Tun 1983 Richard Stallman ya fara yunƙurin samar da manhaja mai 'yanci, a 1989 ya fito da lasisin GPL, wanda ya ba kowa izinin kwafa da gyarawa da rabawa, bisa sharaɗin kada ya rufe wa na bayansa ƙofa. A kan wannan lasisi Linux ta Linus Torvalds ta tsaya, kuma ita ce ƙashin bayan Android da ke cikin aljihun kowannenmu. Wannan tsari ya fi kowane kama da waƙafi, ya kuma fi kusa da ɗabi'ar zaurukan karatunmu: a kwafa, a ambaci mai shi, kada a ɓoye. Rashin sani ya sa muna fasa ƙofar da ke kulle alhali ga wata a buɗe.

Waya a Hannu, Doka a Abuja

Kafin 2001 layukan tarho da ke aiki a duk Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. A Agustan wannan shekara wayar salula ta fara aiki, layi ɗaya na kaiwa naira dubu 20 ko fiye. Yau titin Beirut da kasuwar Farm Centre sun zama makarantun da dubban matasa ke koyon buɗe waya da haɗa ta, ba tare da takardar shaida ba. Majalisa ma ta shiga waya. Abin da ake faɗa wa mutum goma a kan benci, yanzu mutum dubu goma ke ji.

Da girman murya girman haɗari ya zo. A 2020, ana cikin annobar korona, saƙonnin murya suka cika wayoyi cewa 5G ce ke kawo cutar, alhali a lokacin ba a ma fara sayar da ita a ƙasar nan ba. Afolo ce ta dawo da sabuwar riga. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, musamman sashe na 24, ta zama sandar da aka kama mutane da ita saboda abin da suka rubuta, har aka yi mata gyara a 2024. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnati ta rufe Twitter, matakin da kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa doka. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato saboda 'yan bindiga, 'yan kasuwar Kano suka kasa jin abokan cinikinsu. A Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ba kowa ikon tambayar kamfani abin da ya tara a kansa.

A cikin 'yan majalisarmu babu wanda ya taɓa karanta ɗaya daga waɗannan dokoki, domin da Turancin lauyoyi suke. Kullum muna danna alamar amincewa a ƙarƙashin dogayen sharuɗɗan da ba mu san abin da ke ciki ba. Bahaushen da ba zai sayi akuya ba sai ya duba haƙoranta, shi ne ke miƙa hotonsa da lambobin 'yan'uwansa ga kamfanin da bai san garinsu ba.

Kammalawa

Waiwaye adon tafiya. Daga jirgin 1911 zuwa Starlink, wadda ta fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023 kafin kowace ƙasa a Afirka, salon bai sauya ba. Na'ura ta zo daga waje, mu raɗa mata suna, mu yi mata zato, mu ƙware a gyaranta, sannan doka ta biyo baya daga nesa ta same mu a tsakiyar ciniki. Mun yi masaukin baƙi, mun yi 'yan kallo, mun yi masu gyara. Kujerar mai ƙira da ta mai rubuta doka ne har yanzu muke leƙe daga taga.

Masu ilimin boko kan raina hirar majalisa, ni ma na raina ta har ta kunyata ni. Ita ce ta ba mu kalmomin da gidajen rediyo ke amfani da su, ita ce ta yi wa gwamnati tambayar da ta dace game da tauraronta, ita ce ta riƙe labarin tashar Kano shekara sittin bayan makaranta ta yar da shi. Abin da take buƙata shi ne allo. A fassara dokar haƙƙin mallaka da ta kare bayanai zuwa Hausar da mai shago zai gane, a karanta su a rediyo. Jami'o'in Kano su aika ɗalibai su naɗi muryoyin dattawan da suka ga zamanin tashar tun suna da rai. A sa ranar 20 ga Fabrairu 1962 a littafin firamare, domin yaron Kwaciri ya san cewa garinsu ya taɓa zama zango a hanyar sama. Mu kuma da muka yi karatu, mu daina wuce benci da sallama daga nesa.

Baba ya rasu a damina ta bara. Da na je ba shi haƙuri a wancan lokaci, na karanta masa abin da Glenn ya faɗa game da ƙura, ina fassarawa. Ya yi shiru, sannan ya yi murmushi ya ce, "Ashe ya gan mu." Ban naɗi muryarsa ba. Ban tambaye shi wane ne ya kai shi wurin ba, ko me ya gani a bayan shingen. Wayar da za ta yi wannan aiki tana hannuna a ranar, cike da caji.